An Juya Gwangwani

Thunder Bay, 9 ga Oktoba

Gido Metro,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, gwiwar nan kuma ta sassauta maka. Mu nan lafiya, sai tarin da yara suka kwaso a makaranta suka raba wa kowa a gidan. Na yi ta kiran wayarka ba a ɗauka. Eugene na gareji ya ce tun ranar da aka binne Baba ka jefa ta a durowa, wai ba ka jin abin da ake faɗa a cikinta. To ga ni na koma biro da takarda saboda kai.

Ka san ban san garejin nan ba. Ina 'yar shekara tara Mama ta taho da ni gabas. Yanzu Baba ya tafi ya bar mini shi, da ma'aikata huɗu da rufi mai yoyo. Kai ne ƙanen kakana, shi ya sa kai ma nake ce maka Gido, wato kaka, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka kafa wurin, kuma an ce har yau kana can kusa da tukunyar kofi kana gyara wa kowa aikinsa da baki. Shi ya sa na nufo ka.

Maganar asusun lafiya ce, wanda Baba ya buɗe wa ma'aikata don haƙori da tabarau da magani. Kamfanin da ke riƙe da shi ya rubuto mini cewa daga sabuwar shekara ba za su ci gaba da riƙe asusun ƙaramin wuri irin namu ba, sai mai wurin ya zuba aƙalla dala dubu ɗaya da ɗari biyar a kan kowane ma'aikaci kafin ƙarshen Disamba. In ya gaza haka, a rufe. Takardarsu ta nuna bana mutum ɗaya ne kawai ya ci kuɗin, ukun ko kobo ba su taɓa ba.

Na tambayi Eugene, tun da shi ne babba a wurin, ya ce mini komai lafiya lau. Ka faɗa mini gaskiya, Gido, suna bukatar abin nan?

Jikarka,
Tannis

Stenko, Saskatchewan, 20 ga Oktoba

'Yar Orest,

Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ki ba yaran nan zuma da tafarnuwa, ki bar sayen ruwan kanti mai ja. Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na yi Babanmu ya cire ni don ɗaure damin alkama, kuma da fensirin kafinta nake rubutu, shi hannuna ya sani.

Labarin gari. An gama girbi kafin dusar ƙanƙara, kanola mai ba da man girki ta yi kyau, alkama ba yabo ba fallasa. Garejin bai huta ba, duk injin girbin da ke lardin nan sai da ya zo ya kwanta mana a ƙofa. Ma'aikata kuwa, Eugene lafiya, sai dai in zai karanta lambar ƙarfe sai ya miƙa hannu har ƙarshe, na ce masa ko dai ya sayi tabarau ko ya ƙara tsawon hannu. Lorne da gefe ɗaya yake tauna tun bazara, kumatunsa kamar ya ɓoye ƙwai. Cliff yana nan da shirunsa. Mervin mai walda yana aiki kamar doki. Matarsa Verna yatsunta sun ƙara murɗewa, ciwon gaɓoɓin nan ya kama kafaɗa, ita da ke naɗe wa coci perogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, tire-tire, yanzu cokali ma sai da dabara. Duk wata yana kai ta Saskatoon allura. Gwamnati na biyan likita da gado, amma rabin allurar nan da man mota daga aljihu ne. Ita gwamnati ba ta san haƙori da ido ma a jikin mutum suke ba.

Rufin da kike magana, ni da kakanki Panko muka ɗora shi shekarar fari, da kwanon da muka ciro daga tsohon rumbun jirgin ƙasa. Wuri ɗaya yake yoyo, kuma mun san wurin.

Yanzu tambayarki. An juya gwangwani tun watan Afrilu. Ni na juya shi da hannuna, don ubanki ba ya nan da zai yi. Tun daga ranar mutum ukun nan ba wanda ya kai hannu ga kuɗin asusun, kuma ina alfahari da su. Ba wanda ya ce musu kada su taɓa. Ke jinin Orest ce, ba sai na ƙara komai ba. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Ki gai da mijinki, wanda har yau ban ga hannunsa da baƙin mai ba.

Metro Dubyk

Thunder Bay, 2 ga Nuwamba

Gido,

Na ji daɗin takardarka, na karanta wa yara wurin tsawon hannun Eugene sun yi ta dariya. Tari ya tafi, ba tare da tafarnuwa ba. Allah ya ba Verna sauƙi.

Ka sauke mini nauyi. Tun da ka ce da gangan suka ƙi taɓa kuɗin, har kana alfahari da su, na gane mutane ne da ba sa son a riƙe musu hannu, kamar Baba. To ba zan zuba na baɗi ba. A rufe asusun ƙarshen shekara, abin da ya rage na bana ya dawo wa garejin, in haɗa da ɗan abin da nake da shi a yi rufi kafin bazara.

Maganar gwangwani ce ban gane ba. In wani tsohon abu ne da ke tare muku wuri, a jefar da shi kawai.

Tannis

Stenko, 18 ga Nuwamba

Tannis,

Lafiya muke. Takardarki ta yi kwanaki a hanya saboda guguwar ƙanƙara ta rufe titi. Da na karanta ta sai da na fita waje na tsaya a cikin sanyi ba hula.

A jefar da shi, kika ce.

Ashe ubanki bai taɓa gaya miki ba. To zauna ki ji, zan yi abin da ban taɓa yi ba tun da nake.

Gwangwanin taba ne, ja, da hoton doki a gabansa. Yana kan katakon da ke saman injin huda ƙarfe. Shekarar da injin ɗaurin ciyawa ya cinye hannun Steve Holowaty, kakanki ya ɗora shi a can, ya juya dokin ya kalli bango. Bai ce uffan ba. Kowa ya gane. In ba mai kallo, mutum ya wuce ya saka abin da ya samu. Ranar Juma'a a juye abin da ke ciki a jakar takarda, a ajiye a kujerar motar mai shi. Ba a faɗin suna. Ba a godiya. Wanda aka juya dominsa ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da zagin kowa yadda ya saba. Da haka mutum yake karɓa kansa a ɗage.

An juya shi don Steve. An juya shi don Nick Baran da gidansa ya ƙone daren Kirsimetin tsohuwar kalanda. An juya shi don matar Pete Lozinski da ta haifi tagwaye ɗaya bai zo da rai ba. An juya shi don ni lokacin ciwon matata Olga, wata takwas doki yana kallon bango, ni ina wucewa ta ƙarƙashinsa ina fito. Waɗannan duk sun mutu, shi ya sa na iya rubuta sunansu. Ni kuma saura ƙiris.

Da ubanki ya buɗe asusun nan, ya tara mu ya ce, "Daga yau wannan shi ne gwangwani. Ni zan riƙa cika shi, ku daina tatsar aljihunku." Muka ce to. Gwangwanin ya zauna a wurinsa babu komai a ciki, amma ma'anarsa ba ta tashi ba. Da aka juya shi bana, kowa ya san abin yi: a janye hannu daga asusun, a bar wa mai bukata ya ɗiba. Eugene ya haƙura da tabarau. Lorne ya haƙura da haƙori. Cliff yana sayen maganin hawan jininsa da kuɗinsa. Wannan shi ne zubinsu.

Don Mervin ne. Don allurar Verna.

Ga shi na faɗi sunan mai rai a takarda, kin sa ni. Ke kin ga kuɗi a kwance kin ce ragowa ne. Ba ragowa ba ne, haƙorin Lorne ne da idon Eugene. In kika rufe asusun kika yi rufi da shi, ruwa zai daina zubo mana, amma ban san wanda zai iya ɗaga kai ya kalli rufin ba.

Na gaji. Ki ƙona takardar nan in kin gama.

Metro

Thunder Bay, 27 ga Nuwamba

Gido,

Muna lafiya. Ban ƙona ba, sau uku na karanta a mota kafin in shiga aji. Ka yafe mini maganar jefarwa. Baba bai taɓa ba ni labarin komai ba, katin Kirsimeti yake aiko mini da sa hannu.

Amma akwai abin da dole ka sani, kuma ba daɗi. Na kira kamfanin na tambaya. Asusun ba tukunya ɗaya ba ce. Kowane ma'aikaci da rabonsa, da sunansa a kai. Abin da Lorne bai ci ba ba ya tafiya wurin Mervin, yana nan zaune har lokacinsa ya wuce ya dawo wa garejin. Na ce ko za a iya tura na ukun ga mutum ɗaya, matar ta ce doka ba ta yarda ba, kuma ba zan iya ba wani fiye da wani ba tun da aikinsu ɗaya. Ba su faɗa mini suna ba, amma sun ce mutum ɗayan da ya ci nasa ya ƙare tun Yuli, an mayar masa da takardun da ya aiko bayan nan.

Wato tun Yuli ba abin da ya kai ga Verna.

Ni ma ban san yadda zan yi ba. Dubu shida suke so. Ko na bar ragowar bana a ciki, sai na cika rabi daga aljihuna, kuma mijina an rage musu kwanakin aiki a masana'antar takarda. Mai rufi ya ce in aka ƙara shekara katakon zai ruɓe. Ina koyar da yara talatin da rana, da yamma ina lissafin garejin da ban taɓa riƙe sifana a cikinsa ba. Ka ba ni lokaci.

Tannis

Stenko, 9 ga Disamba

Jikata,

Gwiwa ta tashi, sanyi ya kai inda hanci ke mannewa. Ban da wannan lafiya.

Da farko ban yarda da ke ba. Na ce yarinyar birni ce, an juya ta a waya. Ranar Lahadi bayan coci na ɗauki tsiran tafarnuwa na tafi gidan Mervin kamar mai wucewa. Shi yana waje yana faskaren itace. Verna ta sa ni na zuba wa kaina shayi don ba ta iya ɗaga buta. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Metro, ka tsufa da wannan rawar. Ni ba ma'aikaciyar garejinku ba ce, bakina nawa ne. Tun Agusta wata ɗaya nake yin allura in tsallake ɗaya."

Na ce me ya hana Mervin magana.

Ta ce, "Ya ce me? Ya ce na ga kun juya gwangwani amma ba abin da ya iso? Ai ku kuka ce wanda aka juya dominsa makaho ne. Kullum ya dawo sai ya ce mini, Verna, Lorne ya kasa cin nama saboda mu, ni kuma ba halin in ce masa ya je a cire. Ku maza da shirunku. Saura kaɗan ku kashe juna da kirki."

Ban iya shanye shayin ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Litinin Mervin ya fita walda wata gona, na tara ukun a wurin kofi na faɗa musu yadda abin yake, ban ambaci suna ba, su ma ba su tambaya ba. Sai Lorne ya dafa kumatu ya ce, "Wato wata takwas ina goyon haƙorin nan a banza?"

Eugene ya ce, "Da ma me kake taunawa, kai da matarka ke dafa wa takalmi."

"Kai dai yi shiru, makaho. Jiya ka sa wa taraktar manomin nan Friesen matatar da ba tata ba."

Cliff, wanda sai ya yi mako bai haɗa kalma biyar ba, ya ce, "Orest ya ce shi ne gwangwani."

Na ce Orest ya faɗi abin da ya ɗauka gaskiya ne. Takarda mai shafi da yawa aka ba shi ya sa hannu a ƙarshe, kamar yadda ni ma zan yi. Ba na ɗora wa mamaci laifi. Ni ne na juya gwangwanin da ba komai a ciki na koma na zauna ina jin daɗin kaina.

Cliff ya ce yana da rasit ɗin maganinsa duka a aljihun mota. Eugene ya ce in aka biya shi kuɗin, ai nasa ne, ya yi abin da ya ga dama da su, ko doka ta hana wannan ma? Na ce ban sani ba, zan tambayi malama. To na tambaye ki.

Ba zan roƙe ki ba, Tannis. Ban iya ba, kuma na san kina da naki nauyin. Abu ɗaya zan ce. In asusun ya rayu, rabon Mervin na baɗi allurar wata da watanni ce, sauran kuma mu san yadda za mu yi da hannunmu kamar da. In ya mutu, gwangwani kaɗai ba zai ɗauka ba, mutum uku ne da tsoho mai fansho. Rufi kuwa na san shi tun yana sabo. Zai kai wata shekara, in an sa bokiti.

Kwanaki suna tafiya. Ban ji shawarar da kika yanke ba, kullum sai na taka zuwa gidan waya.

Metro

Thunder Bay, 21 ga Disamba

Gido,

Lafiya muke, ka yafe shirun. Ni da mijina mun yi mako muna magana ɗaya, wani lokaci da ƙarfi.

Na zuba. Na bar ragowar bana a ciki, na cika da kuɗin rufi. Shekara ɗaya ce na iya, ban yi alkawarin ta gaba ba. Ka nemo bokitinka.

Amsar Eugene: abin da aka mayar wa mutum nasa ne, ba ruwan kowa da inda ya kai shi. Cliff ya aika rasit ɗinsa kafin wata ya ƙare. Abin da ya karɓa zai rage ragowar, na sani, na lissafa da shi.

Sharaɗina ɗaya. Kowa ya ci rabonsa. Lorne ya je wurin likitan haƙori, Eugene ya sayi tabarau. Ban hana kaina rufi don kuɗi su kwanta suna jiran doki ya juyo ba. Kai kuma ka ciro wayar nan daga durowa.

Barka da Kirsimeti, taku ta tsohuwar kalanda da tamu.

Tannis

Stenko, 24 ga Janairu

'Yar Orest,

Mun ga sabuwar shekara lafiya, ina fata ku ma haka. Gwiwa ba ta san an canza shekara ba.

Eugene ya sa tabarau. Ranar farko ya dube ni ya ce ashe haka na tsufa, na ce shi ma madubi yana jiransa. Kuɗin Cliff sun dawo. Haƙorin Lorne bai tsira ba. Likita ya ce da ya zo da bazara da an cike shi, yanzu sai cirewa, har da ɗan'uwansa na kusa ya taɓu. Mervin ne ya kai shi Saskatoon, ranar allurar Verna, su uku a gaban mota. Lorne ya ce tafiya da dawowa ba wanda ya yi maganar komai sai farashin kanola.

Gwangwani yana nan a juye, amma yanzu in ka ɗaga shi da nauyi. Ranar Alhamis ina zaune ina kamar gyangyaɗi, na ga Lorne ya wuce ya saka 'yan takardun kuɗi, sannan ya ciro wani abu a ƙyalle ya jefa. Na ji ƙararsa a gindin gwangwani. Na buɗe ido ɗaya, ya ce, "Me kake kallo, tsoho? Zubina ne na bara."

Haƙorin ne. Ranar Juma'a na juye komai a jakar takarda yadda yake, ban tsince ba, na ajiye a kujerar motar Mervin.

Litinin Mervin ya shigo da hular waldarsa a hannu, ya ce kofin nan kamar an wanke taya da shi, ya ce wa Eugene mai ido huɗu, ya wuce wurin aikinsa. Da rana na leƙa gwangwanin. Kuɗin ya riƙe. Haƙorin ya maido.

Na bar shi a ciki. An fara narkewar ƙanƙara ta tsakiyar hunturu jiya, rufin ya soma ɗiga daidai inda na ce, na sa bokiti biyu. Wayar kuwa tana durowa, ki ci gaba da rubutu.

Kakanki,
Metro Dubyk